Sarkin Ƙofa Ya Sauya Mazauni: Daga Igiyar Tarho Zuwa Rumbun Manhaja

A ranar 31 ga watan Yuli na shekarar 2009, hukumar kula da sadarwa ta tarayyar Amurka, wadda aka fi sani da FCC, ta aika wasiƙu uku: ɗaya ga kamfanin Apple, ɗaya ga AT&T, ɗaya ga Google. Tambayoyinta biyu ne a dunƙule. Me ya hana manhajar Google Voice, wadda ke ba mutum lamba guda da saƙonni kyauta da kiran ƙasashen waje mai rahusa, shiga rumbun manhajojin wayar iPhone? Kuma wane ne ya yanke wannan hukunci? Hukumar da aka kafa a 1934 domin rabon zangon rediyo da sa ido a kan layukan tarho, sai ga ta tana bin kadin wata manhaja wadda ba ta da jiki balle nauyi. Wanda bai san tarihin ba zai ɗauka shisshigi ne. Alhali kuwa tsohuwar gardama ce ta dawo cikin sabuwar riga: wa ke da ikon cewa wannan abu zai hau wayar da ke hannunka, wancan kuma ba zai hau ba?

A tsoffin biranenmu masu ganuwa, kowace ƙofa tana da sarkinta, shi ke buɗewa shi ke rufewa. Ba laifi ba ne a sami mai tsaron ƙofa. Inda gizo ke saƙa shi ne, shin matafiyi ya san sharaɗin shiga tun yana nesa, ko kuwa sai ya iso ya dubi fuskar mai tsaron? A ganina, a kan wannan bambanci ne tarihin wayar tarho a Amurka ya juya.

Fiye da rabin ƙarni na ashirin, Ba'amurke ba ya mallakar tarhon da ke ɗakinsa. Na AT&T ne, haya yake biya wata-wata. Reshen kamfanin mai suna Western Electric ke ƙera shi, ma'aikacin kamfanin ke zuwa ya ɗaura shi a bango, kuma sharuɗɗan da kamfanin ya shigar gaban hukuma sun haramta jona kowane baƙon abu a jikin layi. Wanda ya saɓa, a yanke masa waya. Hujjar kamfanin ba ta sauya ba tsawon waɗannan shekaru: layukan ƙasa duka jiki ɗaya ne, baƙon abu guda na iya lalata su.

Abin da ya fara tsaga wannan ganuwa ba ya ma amfani da lantarki. Wani ɗan mazubi ne mai suna Hush-A-Phone, wanda ake sayarwa tun shekarun 1920. A bakin tarho ake maƙala shi, mutum ya sa bakinsa a ciki ya yi magana, na kusa da shi a ofis ba sa jin abin da yake faɗa. Da AT&T ya fara yi wa masu sayar da shi da masu amfani da shi barazana, sai shugaban ƙaramin kamfanin, Harry Tuttle, ya kai ƙara gaban FCC a 1948. Shekara bakwai ana jan maganar, a ƙarshe a 1955 hukumar ta goyi bayan babban kamfani, ta ce mazubin na dusashe murya, saboda haka yana rage ingancin tarho. Tuttle ya ɗaukaka ƙara. A watan Nuwamba na 1956 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washinton ta soke hukuncin, da wata hujja da ko yaro zai gane: idan mutum yana da damar kare bakinsa da tafin hannunsa ya yi magana ƙasa-ƙasa, don me za a hana shi amfani da abin da zai yi masa wannan aiki ya bar masa hannunsa ya yi rubutu? Kotun ta ce mai tarho yana da haƙƙin amfani da shi ta kowace hanya da za ta amfane shi muddin ba ta cutar da jama'a ba.

Kamfanin ya sassauta kaɗan, amma ya ci gaba da hana duk abin da ke haɗa layinsa da wata hanyar sadarwa. A nan ne rediyo ya shigo cikin labarin. Wani mutumin Teksas mai suna Thomas Carter ya ƙera na'urar da ya kira Carterfone a 1959. Ma'aikatan rijiyoyin mai da ke can cikin daji suna da rediyon oba-oba amma ba su da layin tarho. Na'urar Carter tana zaune a ofis: a ɗora kan tarho a kanta, ita kuma ta sada muryar mai kira da rediyon wanda ke daji. Ya sayar da kimanin 3,500 kafin barazanar yanke layi ta kori masu saye. Ya shigar da ƙara a 1965 a ƙarƙashin dokar hana babakere, kotu ta miƙa batun ga FCC, kuma a watan Yuni na 1968 hukumar ta yanke cewa haramcin jona baƙin na'urori bai dace ba, kuma tun asali ma bai halatta ba.

Galibin masu ba da wannan tarihi a nan suke tsayawa su yi tafi. Ni kuwa ina ganin abin da ya biyo baya ya fi hukuncin kansa muhimmanci. AT&T bai miƙa wuya ba. Cewa ya yi to, a jona, amma dole a bi ta wani akwatin kariya na kamfani, wanda kamfani zai ɗaura kuma a riƙa biyan kuɗinsa kowane wata. Ƙofa a buɗe take a takarda, amma kuɗin shiga ya isa ya kori talaka. Sai a 1975 hukumar ta fito da sashe na 68 na ƙa'idojinta, wanda bai fara aiki sosai ba sai 1977 bayan an gama shari'a a kansa. Abin da wannan sashe ya yi shi ne, ya ƙwace kalmar "cutarwa" daga bakin kamfani ya ba ta ma'ana a rubuce. Cutarwa ita ce haɗarin lantarki ga ma'aikatan tarho, ko lalata kayan kamfani, ko rikita na'urar lissafin kuɗin kira, ko ɓata wa wasu masu tarho aikinsu. Duk na'urar da aka gwada aka ga ba ta yin ɗaya daga cikin waɗannan, an yi mata rajista, kowa na iya sayenta ya jona. Aka kuma tsayar da soket iri ɗaya a bangon kowane gida, wannan ɗan ƙaramin na roba mai ƙara "ƙyas" idan ya shiga.

Ba wanda zai tambayi mai ƙira ko na'urarsa tana da amfani, ko tana da kyau, ko za ta rage wa AT&T ciniki. Ma'auni ne kawai, irin na mudu: ko ya cika ko bai cika ba. Ta wannan soket ne na'urar amsa kira da faks da tarho marar igiya suka cika gidaje, kuma ta nan ne modem ya bi ya kai kwamfutocin mutane ga intanet. Da sai an nemi yardar AT&T, da wuya ya amince mutum ya riƙe layi awa uku a kan kuɗin kiran cikin gari.

A ɓangaren iska ma an yi irin wannan tafiya, sai dai daga wata mafara dabam. Nutsewar jirgin ruwan Titanic a watan Afrilu na 1912, da ruɗanin saƙonnin rediyo da ya biyo baya, su suka gaggauta dokar da ta wajabta lasisi ga duk mai watsa sigina. Hujjar a nan ta gaske ce, domin tashoshi biyu a zango ɗaya suna shaƙe juna. Amma a watan Mayu na 1985, bisa ƙoƙarin wani injiniyan hukumar mai suna Michael Marcus, FCC ta buɗe zanguna uku ga kowa ba tare da lasisi ba, ciki har da na gigahaz 2.4. Zanguna ne da manyan kamfanoni suka raina, suna kiransu juji, domin nan ne na'urorin ɗumama abinci da na asibiti ke zubar da hayaniyarsu. Sharuɗɗan kaɗan ne kuma a bayyane: kada ƙarfin na'ura ya wuce wat ɗaya, ta yi amfani da dabarar warwatsa sigina, kada ta dami masu lasisi, kuma ta haƙura da duk hayaniyar da ta tarar. A kan wannan juji Wi-Fi da Bluetooth suka tsiro. Lambar FCC da ke jikin wayoyi har yau shaida ce cewa an auna rediyon da ke ciki ya cika mudu.

Wayar salula kuwa ta girma ne a wajen inuwar Carterfone. Hukumar ta ɗauka cewa tun da kamfanonin salula suna da yawa, gasa za ta ladabtar da su. Amma a Amurka a wancan lokacin kamfanin layi ne ke sayar wa mutum waya a kan farashi mai rangwame, ya ɗaure shi da yarjejeniyar shekara biyu, don haka shi ke faɗa wa masu ƙira abin da zai shiga cikinta. A 2004 Verizon ya sayar da wata wayar Motorola da aka daƙile wa Bluetooth, ta yadda ba a iya tura hoto zuwa kwamfuta kai tsaye, har masu saye suka kai ƙara. Nokia E61 tana da Wi-Fi a Turai. 'Yar'uwarta E62 da aka kai Amurka a 2006 babu. A watan Fabrairu na 2007 malamin shari'a Tim Wu ya wallafa nazari a kan waɗannan ɗabi'u, kamfanin Skype kuma ya roƙi FCC ta shimfiɗa ƙa'idar Carterfone a kan salula. Roƙon bai samu karɓuwa ba. Abin da aka samu kawai shi ne sharaɗin buɗe ƙofa a kan wani yanki guda na zangon megahaz 700 da aka yi gwanjonsa a 2008, inda Google ya taya har farashi ya kai dala biliyan 4.6 da ake buƙata don sharaɗin ya tabbata, sannan ya bar wa Verizon ya saya. A 2012 Verizon ya biya dala miliyan 1.25 saboda yunƙurin toshe manhajojin raba intanet ɗin waya da kwamfuta a kan wannan zango.

Ana cikin haka iPhone ta fito. Steve Jobs ya nuna ta a ranar 9 ga Janairun 2007, wata shida kafin a fara sayarwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ya bayar shi ne neman amincewar FCC zai ɗauki watanni, gara ya sanar da kansa kafin takardun hukuma su tona asiri. Apple ya yi abin da Nokia da Motorola suka kasa: ya hana kamfanin layi tsoma baki a ƙirar wayar. Amma makullin da ya karɓe bai miƙa wa mai saye ba, aljihunsa ya sa. Da aka tambayi Jobs dalilin hana manhajojin waje, sai ya ce kamfanin layi ba zai so wata manhaja ta durƙusar masa da layukan yammacin Amurka ba. Da lauyoyin AT&T na 1950 sun ji wannan magana, da sun gane muryarsu. A watan Yuli na 2008 aka buɗe App Store da manhajoji kusan 500. A lokacin ita ce ƙofa ɗaya tilo, kuma Apple ya riƙa karɓar kashi 30 cikin ɗari na duk abin da aka sayar a ciki.

Amsoshin da FCC ta samu a watan Agusta na 2009 su ne karo na farko da jama'a suka leƙa bayan wannan ƙofa. Apple ya ce yana da ma'aikatan tantancewa sama da 40, kowace manhaja mutum biyu aƙalla ke dubawa, ana kawo kimanin 8,500 a mako, kuma kashi 95 cikin ɗari na samun amincewa cikin kwana 14. Game da Google Voice kuwa, ya ce bai ƙi ta ba, nazari yake yi, domin tana maye gurbin ainihin aikin kira da saƙo na iPhone. Google ya ce sam, wani babban jami'in Apple ya shaida musu a waya cewa an ƙi ta. AT&T ya ce ba shi da hannu, amma ya amsa cewa akwai yarjejeniya tsakaninsa da Apple ta hana kiran intanet a kan layinsa na salula, kuma a watan Oktoba ya janye wannan hani. Ita manhajar ba ta shiga ba sai watan Nuwamba na 2010. Abin lura a nan shi ne dalilin da Apple ya bayar. Bai ce manhajar za ta cutar da layi ko ta kama wani da lantarki ba. Cewa ya yi tana yin aikin da tasa ke yi. A ma'aunin 1975, wannan ba cutarwa ba ce, gasa ce.

FCC ba ta ɗauki wani mataki ba, kuma da wuya ta iya, domin ikonta a kan igiya da iska yake. Rediyon iPhone ya cika duk ƙa'idojinta. Ƙofar ta koma wani bene da dokar 1934 ba ta san da shi ba.

Ba a kan ciniki kaɗai ikon ya tsaya ba. A watan Disamba na 2009 Apple ya ƙi manhajar mai zanen barkwanci Mark Fiore saboda tana yi wa manyan mutane ba'a. Bayan wata huɗu Fiore ya ci kyautar Pulitzer da irin waɗannan zane-zane, sai kamfanin ya neme shi ya sake kawowa. Mai zanen da bai ci kyauta ba fa? Sai a watan Satumba na 2010 Apple ya wallafa ƙa'idojin tantancewarsa, amma shi ya rubuta, shi ke fassarawa, shi ke sauyawa, kuma wurinsa ake ɗaukaka ƙara. A shekarar ne kuma, a watan Yuli, ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, wanda doka ta ba ikon keɓe wasu ayyuka daga dokar haƙƙin mallaka, ya halatta wa mutum kwance ƙullin wayarsa don ya sa manhajar da yake so, duk da gargaɗin Apple cewa wayar da aka kwance na iya rikita turakun sadarwa.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan tsoro ba kullum yake zama fakewa da guzuma ba. Daga 2009 hukumar jiragen saman Amurka ta riƙa samun katsalandan a na'urorinta masu hango guguwa a filayen jirgi, kuma aka gano cewa wasu na'urorin intanet na zangon gigahaz 5 ne da aka sauya wa saiti ta manhaja. Yanzu da manhaja ce ke sarrafa rediyo, wanda ya taɓa ta ya taɓa iska. FCC ta tsaurara ƙa'ida a 2014, wasu masu ƙira kuma suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su kulle na'urar gaba ɗaya. Amma a 2016, da hukumar ta ci tarar TP-Link dala 200,000, sai ta haɗa da sharaɗin cewa kamfanin ya bar masu saye su sa manhajar da suke so, ya kulle saitin rediyo kaɗai. Wannan shi ne tunanin sashe na 68: a gano ainihin wurin haɗari a katange shi, a bar saura.

Mu ma nan gida mun ga ranar mai tsaron ƙofa. Hukumar NCC ke tantance nau'in wayoyin da ake shigowa da su Nijeriya, amma da manhajojin ba da bashi suka addabi mutane, suna kwashe lambobin waya suna aika wa dangi da abokan aiki saƙon tozarci, ba NCC aka dosa ba. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta umarci Google da Apple su cire wasu daga rumbunansu, a 2023 kuma Google ya haramta wa manhajojin bashi leƙa lambobi da hotuna. An samu sauƙi, ba musu. Sai dai igiyar da aka ja aka ceci mai bashi a Legas, ita aka ja a Sin a 2017 Apple ya cire manhajojin tsallake shingen intanet, ita aka ja a Hong Kong a 2019 aka cire taswirar da masu zanga-zanga ke amfani da ita, ita kuma aka ja a Rasha a watan Satumba na 2021, ranar da aka fara zaɓe, Apple da Google suka cire manhajar magoya bayan Alexei Navalny. Gwamnatin da a da sai ta bi gida-gida, yanzu ofis biyu kawai za ta rubuta wa wasiƙa. Wayoyin Android dai suna da ƙofar baya, kamar yadda duk mai tura manhaja a kasuwar Farm Centre ta Kano ya sani. IPhone ba ta da ita.

Kotunan Amurka ba su maimaita abin da suka yi a 1956 ba. Da kamfanin Epic Games ya sa hanyar biyan kuɗi tasa a cikin wasan Fortnite a watan Agusta na 2020, aka kore shi daga rumbun, ya kai ƙara. A watan Satumba na 2021 mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta ba Apple gaskiya a tuhuma tara cikin goma. Abin da kawai ta tilasta masa shi ne ya bar masu manhaja su nuna wa jama'a wata hanyar biya a waje. Tarayyar Turai ce ta yi doka ta musamman a kan manyan kamfanonin da ta kira masu tsaron ƙofa, kuma a watan Maris na 2024 Apple ya buɗe wa wasu rumbuna hanya a ƙasashen tarayyar kaɗai. Sai dai ya gindaya cewa kowace manhaja, ko daga wane rumbu za ta fito, sai ta bi ta hannunsa ya sa mata hatimi, ya kuma ƙirƙiro kuɗin rabin yuro a kan kowane saukewa bayan miliyan na farko a shekara. Wanda ya tuna akwatin kariyar AT&T ba zai sha mamaki ba. A cikin watan ne Apple ya rufe asusun da Epic ya buɗe a Suwidin don kafa nasa rumbun, yana mai cewa kamfanin ba abin amincewa ba ne. Hukumar Tarayyar Turai ta nemi bayani, bayan kwana biyu aka mayar da asusun. A watan Afrilu na 2025 hukumar ta ci tarar Apple yuro miliyan 500 saboda hana masu manhaja nuna wa masu saye farashi mai rahusa a waje, shi kuma ya ɗaukaka ƙara.